Tazarar haihuwa ta wayar hannu: yadda aikinmu da ƙananan matan aure ke tafiya a Gombe

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko da yaran da za su ja ragamar wannan aiki. Su takwas ne, daga Pantami, Bolari, Jekadafari, Herwagana da Tudun Wada. Babbarsu shekararta 19, ƙaramarsu 17, duka matan aure ne, yawancinsu da goyo a baya. Manya mu uku ne kawai: ni da nake aikin ungozoma, abokiyar aikina mai kula da ɓangaren tazarar haihuwa a wani asibitin unguwa, sai wata malamar Islamiyya da iyayen yaran ke ganin girmanta. Ba mu da ofis, ba mu da mai ɗaukar nauyi. Tsakar gidan Malama ne ajinmu.

Abin da nake gani kullum a ɗakin awo shi ya kawo mu nan. Yarinya za ta zo da uwar miji ko babbar yaya, in gama duba ta in ce, “Akwai tambaya?” ta sunkuyar da kai ta ce babu. Wata bakwai ko takwas da haihuwa sai ga ta da sabon ciki, na bayanta ko rarrafe bai fara ba. Ita wannan da ta ce min babu tambaya, da dare tana WhatsApp tana tambayar ƙawarta komai da komai. Ke nan ƙawaye sun riga mu fara koyarwa. Mu dai so muke abin da ƙawar za ta faɗa ya zama daidai.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A karkara kashi 27 ne, a birni 8. Matan aure masu amfani da hanyoyin asibiti na tazara kuwa kashi 12 ne kacal. A nan wajenmu mafi yawan waɗannan yara a ɗakin mazajensu suke, shi ya sa da su muka fara.

Mun kafa sharaɗi tun yau: jagora ba ta zaɓa wa kowa magani, ba ta sayar da komai, ba ta kuma fitar da sirrin wadda ta tambaye ta, ko da ga mijinta ne.

Asabar, 25 ga Janairu

Abokiyar aikina ta zo da samfuri a jaka, muka baje a tabarma. Ƙwayar sha kullum. Allurar Noristerat ta wata biyu, da Depo ta wata uku. Sayana Press, ita ma ta mako 13 ce, amma ƙarama ce da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, kuma in an koya wa mace za ta iya yi wa kanta a gida. Ashanar hannu, wadda ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, iri biyu: Implanon sanda ɗaya ta shekara 3, Jadelle sanda biyu ta shekara 5. Sai robar mahaifa mai jan ƙarfe da ke kai shekara 10, da kwaroron roba, wanda shi kaɗai ne a cikinsu ke kare mutum daga ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa.

Ashanar ce ta fi jan hankalinsu. Ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, wata ta lanƙwasa ta tsakanin yatsu biyu ta ce, “Adda, wannan 'yar abar ce ake cewa tana bin jini ta tafi zuciya?” Kafin in buɗe baki, 'yar Bolari ta ɗaga mayafi ta miƙa damtsenta na hagu ta ce su taɓa. Tata ta haura shekara a jikinta. Suka bi layi suna dannawa suna dariya. Bayanina na rabin awa bai yi abin da wannan damtsen ya yi ba. Na dai ƙara musu da cewa in an saka ta daidai, tana nan inda aka ajiye ta, kuma duk wadda ta laluba ba ta ji tata ba, ta zo a duba, kada ta zauna tana zullumi.

Daga nan muka haddace abubuwan da jagora ba ta tsayawa amsawa, turo min kawai za ta yi a take: jini mai yawa, ciwon mara mai tsanani, ciwon kai da ganin dishi-dishi, kumburi ko ruwa a inda aka sa ashana, zargin ciki, da duk wata magana da ta shafi duka ko tilastawa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An buɗe zauruka. Kowace jagora da nata a WhatsApp, kuma ba ta sa kowa sai wadda ta sani ido da ido. Ba ma raba mahaɗin shiga, domin a zaure kowa na ganin lambar kowa. Mun kuma rufe shi yadda jagora kaɗai ke iya turo saƙo. Mai tambaya ta bi ta gefe, jagora ta sake faɗin tambayar da muryarta ba tare da suna ba, ni ko abokiyar aikina mu ba da amsa, ita kuma ta maimaita da bakinta irin yadda suke hira. Wannan maimaicin ne ya fi cin lokaci, domin sai na saurari kowane saƙo kafin ya fita.

Rubutu bai karɓu ba. Da yawa sun bar makaranta da wuri, wasu sun fi sabawa da ajami, ga hannu ɗaya na riƙe da yaro. Bidiyo kuma cin data. A watan jiya hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50, an kuma fara ji a jika. Saƙon murya da bai kai minti biyu ba, shi muka tsayar.

Yaran sun so TikTok, har sun gwada gajeren bidiyo ɗaya ba fuska. Masu kallo sun yi yawa, amma daga Kano, Legas da Saudiyya, rabinsu maza masu zagi. Ko tambaya ɗaya ta kirki ba ta fito daga Gombe ba. Na ce a bar shi. A Facebook muna sa sanarwar ranakun asibiti kawai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Abin da ya bayyana a makon nan shi ne wayar da muke aika wa saƙo sau da yawa ba ta yarinyar ba ce ita kaɗai. Wata ta maigida ce, sai ya dawo kasuwa take karɓa. Wata kuma tata ce, amma yana dubawa duk lokacin da ya ga dama.

Ranar Laraba da dare wani ya kira ni, murya a sama. Ya ji saƙon allura a wayar matarsa. Ya ce, “Hajiya, wa ya ba ku izinin hana matata haihuwa?” Na gaishe shi, na tambayi iyali, na ce, “Malam, wata nawa yaronku?” Ya ce biyar. Na ce, “A haihuwarsa an ƙara mata jini?” Ya yi shiru, sannan ya ce leda biyu, kuma shi ya nemo masu bayarwa. Na ce to maganar hutun jikinta muke yi kafin na gaba, ba maganar rufe haihuwa ba, kuma ba wanda zai yi mata komai sai ta zo da ƙafarta ta nema. Bai ce ya yarda ba. Ya dai tambayi nawa ake biya. Na gaya masa tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, ko da yake a wasu wuraren akan karɓi ɗan abin safar hannu da auduga.

Tun daga ranar, kowane saƙo muna yin sa ne da sanin cewa miji na iya ji, uwar miji ma haka. Jagorori kuma ba sa mayar da amsar sirri sai sun fara da sallama sun tabbatar wa ke riƙe da wayar. Wani ma'aikacin lafiya da yaran ke kira Hamma ya yarda zai riƙa zagaya majalisun matasa magidanta bayan isha'i. Mun buɗe masa tasha a WhatsApp, irin wadda mabiya ba sa ganin lambar juna, tunda namiji ba ya son abokinsa ya san yana sauraron irin wannan magana.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, kuma tun daga ranar tambayoyin suka koma abu ɗaya: jini. Mutanen waje suna ɗauka halal da haram ne ke hana yaranmu. A zaurukanmu ba a cika tambayar wannan ba. Malama ta yi saƙo ɗaya tun farko, ta kawo ayar shayarwa shekara biyu cikakku a Baƙara, da hadisin Jabir kan azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Manzon Allah (SAW), magana ta kwanta. Abin da ke sa yarinya ta ce a cire mata ashana shi ne ɗigon jinin da ba ta san matsayinsa ba. Yau ta gani, gobe babu, jibi ya dawo. Ta yi sallah ko ta bari? Ta ɗauki azumi ko ta sha? Ga maigida na tambaya, ga kishiya na lura da wadda ba ta alwala.

Wannan amsa ba ta mutum ɗaya ba ce, sai muka yi ta mu biyu a saƙo guda. Ni na fara: a watannin farko na allura ko ashana, rikicewar al'ada abu ne da aka sani, ba alamar lalacewar mahaifa ba ce, kuma yawanci yana lafawa. Masu Depo da yawa ma al'adar kan ɗauke musu gaba ɗaya in an jima, kuma ba taruwa jinin ke yi a ciki ba, bangon mahaifar ne ba ya yin kaurin da zai zubo. In ɗigon ya dame ta, akwai maganin 'yan kwanaki da ake bayarwa a asibiti. Malama ta ɗora da abin da ke cikin Ahalari, wanda yawancinsu sun karanta a Islamiyya: mai al'ada ta ƙara kwana 3 a kan kwanakin da ta saba, muddin ba su wuce 15 ba, in jinin na yankewa yana dawowa ta haɗa kwanakin da ta gan shi ta ƙirga. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta da azuminta.

Ba mu taɓa yin saƙon da ya yi yawo kamar wannan ba. Wata jagora ta ce gwaggonta da ke Bajoga ce ta turo mata shi, ba ta san daga zaurenta ya fito ba.

Masu ƙwaya mun ce su tsayar da lokaci ɗaya, bayan shan ruwa ko sahur, kada su riƙa sauyawa, musamman masu shayarwa da ke shan ƙwayar da jinkirin awa 3 ke rage mata ƙarfi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hidimar ƙaramar sallah da ziyarce-ziyarce sun sa da yawa sun tsallake ranar allura. Wasu sun ɗauka shi ke nan ta lalace, suka ƙi komawa don kunyar faɗan nas. Mun sanar cewa mai Depo ko Sayana na da sararin mako 4 bayan ranarta, mai Noristerat mako 2, in ya wuce haka ma ta zo a yi gwajin ciki a ci gaba. Yanzu kowace jagora na da ɗan littafi, ba suna a ciki sai alama da kwanan wata, tana tuna wa mai shi saura mako ɗaya.

A wani asibitin an ce wa yara biyu ashana ta ƙare. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a Janairu kowa a harkar lafiya ke ɗar-ɗar. Kafin mu tura yarinya yanzu, sai mun kira mun ji akwai kaya, don kada ta kashe kuɗin keke a banza ta ƙi sake fitowa.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau zaman ya yi zafi. Jagorori uku sun kawo magana iri ɗaya: ƙannensu da ƙawayen ƙannensu 'yan sakandare suna binsu ta gefe, kullum da “wata ƙawata ce ta ce in tambaya.” Tambayar kuma kusan ɗaya ce, ƙwayar gaggawa da ake saya a kemis. Akwai masu shanta a kai a kai, akwai masu haɗa ta da jiƙe-jiƙe da kanwa.

Malama ta ce iyaye da mazaje sun ba mu amanar matan aure ne, in aka ji muna magana da 'yan mata an rufe zaurukan duka, kuma ita ba za ta tsaya gaban mahaifin yarinya ta kare wannan ba. Abokiyar aikina ta ce duk wadda ta kawo tambayar lafiya majinyaciya ce, ba ta tambayar takardar aure kafin ta duba mutum. Kowace da gaskiyarta. Ni abin da na sani shi ne na sha karɓar yarinyar da aka kawo cikin dare jini ya kusa ƙarar da ita saboda abin da ta sha a ɓoye, kuma a lokacin ba wanda ke tambayar wa ya kamata ya yi mata magana tun farko.

Mun tsaya a kan cewa 'yan mata ba sa shiga zaure, jagora kuma ba ta amsa musu, lambata za ta bayar. Wadda ta kira, ina gaya mata gaskiyar abin da ta tambaya: ƙwayar gaggawa ta fi aiki cikin awa 72, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba ta kare cuta, kuma ba a yi ta don sha kullum ba. Sannan ina tambayar abin da ya fi muhimmanci, wato wane ne, kuma da yardarta ne. A irin wannan shekarun sau da yawa amsar kan nuna akwai babban da ya kamata a tsayar, wannan kuma hanyarsa daban, ba ta WhatsApp ba. Malama ta ce ta ji, amma ranta bai kwanta ba. Haka muka tashi.

Mun kuma cire wata da ta shigo da sunan amarya, ashe dillaliyar kayan mata ce, tana kwasar lambobi tana tallan wani haɗi wai na tazarar shekara biyu.

Asabar, 21 ga Yuni

'Yar Jekadafari ta zo da uwar mijinta, ba wanda ya gayyace ta. Dattijuwar ta zauna a kujerar Malama ta ce ita ce ke sauraron saƙonninmu tare da surukarta tun azumi. Na ce, “Inna, to me kika gani?” Ta ce, “'Yar nan, ba sabon abu kuka kawo ba. Mu a zamaninmu in ka haihu gida kake tafiya, ba ka komawa ɗaki sai yaro ya yi ƙwari. Wadda ta yi kwanika har waƙa ake mata. Yanzu ana arba'in miji ya turo mota.” Ta ce abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, da muka ce mai shayarwa na iya ɗaukar ciki, alhali ita nono ne ya raba mata 'ya'yanta tara.

Na ce nonon na yi, amma da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ukun sun cika, kariyar ta kai kashi 98. In ɗaya ya faɗi, sai a nemi wata hanya. A gidajenmu kuwa tun ranar suna ake ɗura wa jariri ruwa, balle a zafin Gombe na Maris da Afrilu. Wadda ba ta shayarwa kuma ciki na iya shiga tun mako 4 da haihuwa, kafin ma ta ga al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, wata 6 bayan ɓari. Inna ta ƙirga da yatsu ta ce ai shekara biyun shayarwa ke nan.

Ta yarda a ɗauki muryarta. Mun haɗa da bayanin cewa mai jego na iya sa ashana tun kafin a sallame ta daga asibiti, allurar Depo daga mako 6, ƙwaya mai sinadari biyu kuma sai jariri ya yi wata 6.

Asabar, 19 ga Yuli

'Yar Bolari na da ciki. Ɗanta ya haura shekara biyu, ita da mijinta suka yanke shawara, aka cire mata ashana a Afrilu. Ita da kanta ta sanar a zaurenta, ba mu sa ta ba. Jita-jitar da ta fi ba mu wuya ita ce wai wanda ya fara tazara da ƙuruciya ya rufe mahaifarsa. A zauren nan dai an daina kawo ta.

Na roƙi jagorori kada murna ta sa su faɗi abin da ba haka ba. Ashana, roba da ƙwaya, ana bari haihuwa ke dawowa. Depo kuwa takan yi jinkiri, a matsakaici wajen wata 4 fiye da sauran, wasu har su kusa shekara daga allurar ƙarshe. Amaryar da dangin miji suka zuba wa ido ya kamata ta san wannan kafin ta zaɓa, ba bayan ta fara kuka ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Yaran sun gaji. Saƙo na shigo musu ƙarfe ɗayan dare, ga goyo ga girki. Ɗaya ta ajiye aikin, mijinta ya ce wayar ta fi shi samun lokacinta. Wata kuma ta wuce iyaka: ƙawarta ta yi kukan ɗigon jini, ta faɗa mata sunan maganin da aka taɓa ba ta ita, ta ce ta saya a kemis. Allah ya tsare ba abin da ya faru, amma mun dakatar da ita mako biyu, muka sake bitar sharuɗɗa da kowa. Da an fara kiran yarinya “Anti nas” a unguwa, sai ta fara jin nauyin cewa ban sani ba. A kan wannan kalma muka yi atisaye yau, kowace ta faɗa da ƙarfi: “Ban sani ba, bari in tambayi Adda.”

Mun sa lokaci: ba amsa bayan ƙarfe tara, sai abin gaggawa, shi kuma kira ne kai tsaye zuwa wayata. Kuɗin data muna haɗawa mu uku duk wata, ba ya isa.

Juma'a, 26 ga Satumba

Yau ce ranar tazarar haihuwa ta duniya. Ba mu yi taro ba, mun sake tura saƙon Inna da na azumi ga sababbin shiga.

Jagorori bakwai ke aiki, biyu na koyo, su biyun daga cikin masu tambaya suka fito. Tashar Hamma na tafiya a hankali, maza na saurare amma ba sa kira. Maganar 'yan mata har yanzu tana nan yadda muka bar ta a Mayu.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga Kumo ta nemi mu faɗaɗa zuwa ƙauyukan ƙaramar hukumar Akko. Can waya ɗaya ce a gida, sau da yawa ma ƙarama ce marar intanet, kuma matan da yawa Fulatanci ya fi musu sauƙi. Shawarar da ke gabanmu ita ce a sa saƙonnin a katin waya irin wanda ake sa karatu da waƙoƙi, jagora ta riƙa kunnawa a gidan suna da wajen rigakafi. Muna neman yarinya mai aure da ta iya Fulatanci sosai, kuma dattawan garin suka san gidansu. Asabar mai zuwa za mu je Kumo da Malama mu fara gaida iyayen ƙasa, mu kuma ga ko asibitin can na da wanda ya iya saka ashana da cire ta, domin ba za mu buɗe zaure a inda yarinya za ta nemi a cire mata a rasa mai yi ba.